Makaɗin da Ya Tauna Taura Uku

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma galibi gaskiyarsu ne. Wanda ya raba hankalinsa tsakanin sana'o'i biyu yakan tashi a tutar babu, bai zama maƙeri ba, bai kuma zama masaƙi ba. To amma a unguwar Brooklyn ta birnin New York akwai wani dattijo Bayahude mai suna Andy Statman, haifaffen 1950, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana taunar taura uku, kuma masu kowace taura sun sallama masa cewa ya tauna tasu har ya kai ga zaƙinta. Ta farko ita ce kilezma, kiɗan bukukuwan Yahudawan gabashin Turai. Ta biyu bulugiras, kiɗan ƙauyawan tsaunukan kudu maso gabashin Amurka. Ta uku kuwa jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka haifa. A 2012 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da ƙasar ke bai wa masu riƙe da fasahar gargajiya.

Na ɗauko labarinsa a wannan makon ne saboda wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo: wane ne ke da hurumin gauraya al'adu? Muna cikin zamanin da duk mai kwamfuta zai iya yanko ganga daga nan, ya yanko sarewa daga can, ya liƙa su kafin la'asar, ya ce ya ƙago sabon salo. Ra'ayina shi ne gauraya matsayi ce da ake kaiwa bayan an yi almajirci, kuma rayuwar wannan makaɗi hujja ce a kan haka.

Na san akwai mai karatun da zai ɗaga gira da jin an ambaci Bayahude a wannan shafi, ganin abin da ke faruwa a Falasɗinu. Ina tunatar da shi cewa kiɗan da muke magana a kansa ya girmi ƙasar Isra'ila, wadda aka kafa a 1948, da ɗaruruwan shekaru. Kiɗan talakawa ne da suka rayu a ƙananan garuruwan Polan da Yukiren da Romaniya da Lituweniya, suna magana da harshen Yidish, suna fama da tsangwama daga sarakunan Rasha. Mai neman ilimi ba ya rufe ido daga darasi don bai son garin da malamin ya fito.

Kalmar kilezma ta samo asali ne daga kalmomi biyu na Ibrananci masu nufin kayan kiɗa, daga baya ta koma sunan makaɗin kansa. Sana'ar gado ce, uba ya bar wa ɗa, kuma ba ta da wani martaba a idon malamansu da attajiransu. Ana neman makaɗi ranar biki, ana raina shi washegari, har kalmar ta taɓa zama abin gori ga wanda bai iya karanta rubutaccen kiɗa ba. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan matsayi. Babban fagensu shi ne aure. Akwai kiɗan tarbar baƙi, akwai na rakiyar surukai zuwa gida, akwai na rawa iri-iri, akwai kuma wani na musamman da ake yi lokacin da aka zaunar da amarya, wani mai fasahar baki yana yi mata nasiha cikin waƙe har sai ta zub da hawaye. Da farko goge irin na Turawa ne jagora, sai daga baya abin busar nan da ake kira kilarinet, wata doguwar baƙar sarewa mai maɓallai da ɗan harshen kara a bakinta, ta karɓe ragama.

Abin da ya bambanta kilezma shi ne ƙoƙarin sa abin kiɗa ya kwaikwayi muryar ɗan Adam, musamman muryar mai jan addu'a a ɗakin ibadarsu. Akwai wata 'yar shessheƙa da gwani ke tsinkawa a ƙarshen sauti, akwai wata mai kama da dariya, kuma ba a iya rubuta ko ɗaya a takarda yadda mai koyo zai gane, sai dai ya ji daga bakin wanda ya iya. Ɗaya daga cikin matakan sautin da suka fi amfani da shi ya yi daidai da wanda Larabawa ke kira maƙamin Hijaz, wanda kunnenmu ya saba ji a kiran salla. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin makaɗan nan sun yi cuɗanya da makaɗan Romaniya da na Girka da na daular Usmaniyya ta Turkiyya, da kuma Romawa masu yawo, suka ara, aka ara daga gare su.

Tsakanin wajen 1880 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka yi ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka, makaɗansu na biye da su. A cikinsu akwai Dave Tarras, ɗan gidan makaɗa daga Yukiren, wanda ya sauka New York a 1921, ya zama gwanin kilarinet da ake kwatance da shi, tare da abokin gasarsa Naftule Brandwein. Sai abubuwa uku suka taru suka shaƙe wannan kiɗa. A 1924 Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar baƙi, ruwan sababbin masu sauraro ya ƙafe. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa miliyan shida, garuruwan da kiɗan ya tsiro suka zama kufai, makaɗan da masu rawar duka suka tafi. 'Ya'yan waɗanda suka tsira a Amurka kuwa suna son a gan su a matsayin cikakkun Amurkawa, suka fara jin kunyar kiɗan kakanni, suna neman na zamani a bukukuwansu. Kafin 1970 kilezma ta koma abin da tsofaffi ƙalilan ke tunawa.

Bulugiras yaro ne idan aka gwada shi da kilezma, kuma an san mahaifinsa. Shi ne Bill Monroe, wanda aka haifa a jihar Kentaki a 1911, ya rasu a 1996. Sunan salon ma daga sunan ƙungiyarsa aka samo shi, ita kuma ta ɗauko shi daga laƙabin jihar. Abin kiɗan Monroe shi ne mandolin, wata 'yar ƙaramar garaya mai tsirkiya takwas, biyu-biyu, wadda asalinta Italiya ne. Ya koyi kiɗan goge na zuriyar Sikotlan da Ailan a wurin kawunsa, ya kuma koyi wani abu dabam a wurin Arnold Shultz, wani baƙar fata gwanin jita da ke yankinsu. A 1945 Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku cikin sauri, sai salon ya cika ya tsaya da ƙafarsa. Banjo ɗin kansa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can, bisa ƙirar molayen ƙwarya da suka baro a gida, dangin gurmi da molo da muka sani. Kiɗa ne mai gudu kamar ana tsere, kowane makaɗi ana ba shi fili ya nuna bajintarsa, waƙoƙin kuwa cike suke da kewar gida da mutuwa da begen lahira irin na Kiristan karkara.

Jaz ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ginshiƙinsa shi ne ƙaga kiɗa nan take: a ɗauki sanannen kari, a bi shi sau ɗaya, sannan kowa ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa a kansa. A shekarun 1960 wasu masu busa saksofon, irin su John Coltrane da Albert Ayler, suka kai wannan 'yanci maƙura, suka mai da busa wani nau'in munajati, wani lokaci har ta koma kururuwa.

Mai karatu zai lura da cewa babu ɗaya cikin ukun nan da yake tsantsa. Kowannensu gauraye ne da ya daɗe har aka manta da cewa an taɓa gauraya shi. Don haka masu cewa a bar kowace al'ada yadda Allah Ya yi ta ba su karanta tarihi ba. Muhawarar da ta cancanci a ɓata mata lokaci ita ce ta yadda ake gaurayawa, da kuma hannun da ke yi.

Statman ya tashi a unguwar Queens, a gidan da ba a tsananta addini ba, ko da yake a zuriyarsu akwai masu jan addu'a. Yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku ya ji bulugiras a faya-fayan yayansa, sannan ya riƙa kamo wata tashar rediyo ta jihar West Virginia da dare. Ya fara da jita da banjo, ya koma mandolin. Wajen 1965 ya haɗu da David Grisman, wanda ya girme shi da shekara biyar, shi ma Bayahude ne da ya riga shi nutsewa cikin kiɗan Monroe. Grisman ya buɗe masa taskar faya-fayansa, ya nuna masa hanyar da babu wata bayanta: a saurari gwani, a maimaita, a kwaikwayi kowane sauti ɗaya bayan ɗaya har yatsu su haddace. Haka yaron birni ya kwashe shekarun samartakarsa yana bin sawun ƙauyawan da bai taɓa zama da su ba, har ya iya harshensu ba tare da gargada ba.

Tun bai kai shekara ashirin ba busar Albert Ayler ta girgiza shi. A nan ne halinsa ya fara bayyana. Wani da ya tsinci 'yan dabarun jaz ya yayyafa a kan mandolin ɗinsa ya wuce. Shi sai ya ɗauki saksofon, ya nemi malami mai suna Richard Grando, ya koma ɗan koyo daga tushe. A farkon shekarun 1970 ya yi aiki da mawaƙi David Bromberg da wasu ƙungiyoyin matasa masu sabunta bulugiras, sunansa ya fara tashi a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen mandolin na tsararsa. Ya kuma zauna gaban baƙin makaɗa mazauna New York yana koyon kiɗan Girka da na Azarbaijan.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bayan ya iya kukan gidaje da dama, sai ya tambayi kansa ina na gidansu. A tsakiyar shekarun 1970 ya nemo Dave Tarras, wanda a lokacin ya doshi shekara tamanin, duniya ta juya masa baya. Statman, da ake tafa wa a dandali, ya koma yaron gidan tsohon. Yana zuwa, yana zama, yana yi masa hidima, yana kallon yadda yake riƙe kilarinet da yadda yake sarrafa numfashi, yana rubuta karin da ya tsara. Abin da ya samo a wannan zama ya wuce jerin waƙoƙi. Ya koyi inda ake sa shessheƙar nan da inda sa ta zai zama rashin ladabi, ya koyi abin da gwani ke bari bai busa ba. A 1978 aka shirya wa Tarras wani taro a New York wanda ya dawo da shi gaban jama'a, Statman da abokinsa Zev Feldman suna cikin waɗanda suka yi wasa. A 1979 su biyun suka fitar da faifan da ake lissafawa cikin tubalan farfaɗowar kilezma. Kafin Tarras ya rasu a 1989 ya bar wa almajirinsa kilarinet ɗinsa. A tsarin karatunmu na zaure da sai mu ce ya ba shi ijaza.

Ya kamata a tsaya a auna abin da ke cikin haɗari a lokacin. Faya-fayan da Tarras da Brandwein suka naɗa tun shekarun 1920 suna nan, amma faifai ba ya amsa tambaya, ba ya kuma cewa ɗalibi ya sake. Da a ce matasan nan, su Statman da wasu tsirarun tsararsa a Kalifoniya da Boston da New York, sun yi jinkirin shekara goma, da sun tarar da kaburbura. Abin da za a farfaɗo da shi sai ya zama kwaikwayon faifai, irin karatun wanda ya koyi harshe daga ƙamus. Tsakanin rayuwar wannan al'ada da mutuwarta babu komai sai 'yan tsofaffi da 'yan samarin da suka yarda su durƙusa.

To yaya gaurayen nasa yake a kunne? Idan ya ɗauki mandolin yana kaɗa wani tsohon karin Monroe, zai fara da shi tsaf yadda dattawan Kentaki za su gyaɗa kai. Sannan a hankali sai ya fara kwance shi, ya ja shi zuwa wasu matakan sauti da bulugiras bai saba takawa ba, ya yi ta juya gaɓa guda kamar yadda Coltrane ke yi, har mai sauraro ya ɗauka an ɓata, sai kuma ya dawo da shi gida lafiya. Idan ya ɗauki kilarinet yana busa karin Yahudawa, adon sautin na Tarras ne, amma tsawon numfashin da sakin jikin na jaz ne. Faifansa na 1980 mai suna Flatbush Waltz, wanda ya raɗa wa sunan wata unguwa ta Brooklyn, ya nuna wannan tun da wuri, kuma karin da ke ɗauke da sunan faifan ya shiga hannun makaɗa da yawa. A 1995 shi da tsohon malaminsa Grisman suka fitar da Songs of Our Fathers, inda suka kaɗa karin kakanninsu da mandolin da kilarinet. A shekarar kuma shahararren mai gogen nan Itzhak Perlman ya gayyace shi cikin aikinsa na kilezma. Mai saurare ba ya jin wurin ɗinki a kiɗan Statman, domin harsunan uku sun riga sun zauna a ƙirji ɗaya kafin su fito.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce sanin lokacin da ba a gaurayawa. A 2006 ya fitar da faifai biyu a lokaci guda. Ɗaya, East Flatbush Blues, na mandolin ne da kiɗan Amurka. Ɗayan, Awakening from Above, na kilarinet ne da karin ibadar Yahudawa. Da ya so da ya zuba su a tukunya ɗaya, ya sayar da abin mamaki. Ya raba su saboda ya san akwai karin da aka yi don rawa, akwai wanda aka yi don tsayuwa gaban Ubangiji, kuma kowanne yana da haƙƙi a kansa. Wanda bai yi almajirci ba ba zai ma san akwai wannan iyaka ba, balle ya kiyaye ta.

Bin sawun kiɗan ya kai shi inda bai yi niyya ba. Da ya zurfafa sai ya gane cewa jijiyar kilezma tana cikin karin Hasidawa, wata ɗariƙar Yahudawa da ta tsiro a Yukiren a ƙarni na 18, wadda ke ɗaukar rera kari marar kalmomi, da suke kira nigun, a matsayin hanyar kusantar Mahalicci. Sannu a hankali ya rungumi addininsa da gaske, ya koma shigar masu tsananta ibada, baƙar kwat da hula da gemu. Faifansa na 1997, Between Heaven and Earth, ya ɗauki waɗannan kari ya buɗe su da salon jaz, tare da mai fiyano Kenny Werner. Wannan zaɓi ya ci masa kuɗi. Bayahude mai kiyaye Asabar ba ya aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, kuma waɗannan su ne dararen da makaɗi ke samun abincinsa a Amurka, su ne kuma ranakun manyan tarukan bulugiras. Ya haƙura da su. Shekara da shekaru babban dandalinsa shi ne wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada a titin Charles da ke unguwar Greenwich Village, inda yake wasa a tsakiyar mako tare da Jim Whitney mai babban goge da Larry Eagle mai ganguna, gaban mutanen da ba su cika ɗakin taro ba. Duk da haka riƙo da addininsa bai sa ya rufe ƙofa ba. A faifansa na 2011, Old Brooklyn, ya raka Ricky Skaggs, gwanin bulugiras kuma Kirista mai kishin addininsa, da busar kilarinet a wata waƙar ibada.

Akwai suka uku da ake iya yi wa matsayina, kuma ba na raina ko ɗaya. Na farko, za a ce sharaɗin da na gindaya ya yi tsauri, domin ba kowa ke da shekara goma da zai bayar ga kowace al'ada ba, kuma sababbin salo da yawa yara ne marasa haƙuri suka ƙago su. Haka ne, kuruciya tana da rabonta a fasaha. Sai dai idan aka bincika waɗannan yara akan tarar sun tashi ne a cikin aƙalla al'ada guda, sun sha ta da nono. Monroe bai je makaranta ya koyi kiɗan goge ba, amma ya yi shekaru yana raka kawunsa wuraren rawa. Almajirci ba lallai sai da allo ba, amma babu gwanin da ya tsallake shi.

Na biyu, za a ce me ya kai Bayahuden New York kiɗan Kiristocin Kentaki, ko busar baƙaƙen fata da aka haifa cikin wahalar da bai ɗanɗana ba? Wannan tambaya tana da nauyi a Amurka, inda aka sha ganin farar fata ya kwashi fasahar baƙi ya yi arziki, masu ita suna mutuwa a tsiyace. Amma akwai bambanci tsakanin ɓarawo da baƙon da ya yi sallama. Baƙon kirki yana ambaton sunan masu gida, yana zama a inda aka ajiye shi, yana koyon ladubban gidan kafin ya ce zai gyara wani abu. Shaidar da ta fi kowace ita ce ta masu gidan, kuma manyan bulugiras sun karɓi Statman a matsayin nasu, har kaɗa wani karin Monroe da ya yi ta kai shi cikin waɗanda aka tsayar takarar lambar Grammy a rukunin kiɗan karkara.

Na uku, za a ce ina ribar? Mutum ya ba da rayuwarsa, ga shi masu sauraronsa ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na masu sauraron wani yaron da ya yi tashe a intanet ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan yi wa matashi alkawarin cewa zurfi yana kawo kuɗi ba. Abin da zan ce shi ne ma'aunin ya danganta da abin da ake nema. Tashe yana da wa'adi, kuma gajere ne. Abin da Tarras ya zuba wa Statman ya taso daga wani ƙauyen Yukiren na ƙarni na 19, ya tsallake teku, ya tsallake kisan ƙare-dangi, yana nan da rai a 2000 da 'yan kai, ana koyar da shi ga wasu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya adana ta.

A nan ne labarin ya taɓo mu, ko da ba mu da alaƙa da Brooklyn. Manyan makaɗanmu na fada da na jama'a ba su faɗo daga sama ba, akasarinsu sun yi shekaru suna amshi a bayan uba ko wa ko maigida kafin a ba su gaba. Yau muna da matasa masu hazaƙa da ke haɗa sautin Indiya da na Amurka da na Legas a ɗakin naɗar sauti, wani lokaci su ɗora kalangu ko gurmi a kai don ƙamshi. Ba na cikin masu yi musu kallon 'yan ɓata al'ada, tunda mun ga cewa kowace al'ada gauraye ce. Tambayar da nake yi musu ita ce ta Statman: a gaban wa ka zauna? Masu goge da kukuma da algaita da kotso da suka gaji abin daga iyayensu suna nan a garuruwanmu, da yawansu sun tsufa, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Mu ma a jami'a muna da namu alhakin, domin rubuta kundi a kan makaɗi abu ne mai kyau, amma kundi ba ya riƙe baka ya ja a kan tsirkiya.

Karin maganar da muka fara da ita ba ta yi ƙarya ba. Statman bai jefa taura uku a baki lokaci ɗaya ba. Ya ɗauki ta farko ya tauna ta shekaru, ya ɗauki ta biyu, sannan ta uku, kowacce a gaban mai ita. Wanda ke sha'awar irin matsayinsa sai ya fara neman nasa Tarras ɗin tun yana da sauran numfashin busawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.